Yadda ake sa wa bayolin takunkumi, da abin da yake yi wa sautinsa

Takunkumin bayolin ɗan ƙaramin abu ne na roba, ko katako, ko fata, ko ƙarfe, da ake ɗorawa a kan jaki, wato siririn katakon nan da ke tsaye a tsakiyar fuskar bayolin yana ɗauke da tsirkiyoyi huɗu, waɗanda ake kira G, D, A da E, daga mafi kauri zuwa mafi siranta. Idan ka ga an rubuta con sordino a takardar kiɗa, da Italiyanci ke nan, ana so ka sa shi. Senza sordino kuma ka cire. Bajamushe yakan rubuta mit Dämpfer, Bafaranshe kuma avec sourdine. Abin ya daɗe: tun a 1686 mawallafin kiɗa Lully ya nemi masu bayolin su sa shi a wasan waƙa da ya shirya a Faransa, a wurin da ake nuna barci.

Yawancin masu koyo sun ɗauke shi abin rage ƙara kawai. Yana ragewa, amma babban aikinsa sauya muryar bayolin ne, kuma da nauyi yake wannan aiki. Wanda ya gane haka zai san irin wanda zai nema, da inda zai zaunar da shi, da yadda zai gyara jan izgarsa, wato sanda mai gashin doki da ake goga wa tsirkiya, bayan ya sa.

Abin da ke faruwa a kan jaki

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata ƙara, don ta yi siririn da ba za ta iya tura iska ba. Izga mai ƙaro tana kama ta ta ja, ta suɓuce, ta sake kamawa, sau 440 a cikin sakan ɗaya idan tsirkiyar A ce ba a danna ta da yatsa ba. Wannan yawan kaɗawa a sakan shi ake rubutawa da Hz. Kowace kaɗawa tana fizgar kan jaki hagu da dama. Ƙafar jakin da ke ɓangaren tsirkiyar E tana dab da turken da ke tsaye a cikin bayolin tsakanin fuska da baya, saboda haka ba ta motsi sosai. Ƙafar ɓangaren G kuwa tana kan doguwar sandar da aka manna a ƙarƙashin fuska, ita ce ke tura fuskar sama da ƙasa. Fuska da baya da iskar ciki su ne ke fitar da sautin da kake ji. Duk abin da tsirkiya ta yi, ta kan jaki zai bi ya isa gare su.

Sautin da tsirkiya ke bayarwa kuma ba guda ɗaya ba ne. Akwai uwar sauti, akwai 'ya'yanta da ke tafiya tare da ita. A tsirkiyar A uwar tana 440 Hz, 'ya'yan suna 880, 1320, 1760, 2200, 2640, 3080, haka har sama. Kunne yana haɗa su ya ji abu ɗaya, amma ƙarfin kowannensu shi ke sa a ce wannan bayolin yana da kaifi, wancan yana da kauri, wani kuma kamar ta hanci yake magana.

Jakin cikakken bayolin katakon mapul ne, tsayinsa kusan milimita 33, nauyinsa wajen giram 2. Ba a manna shi ba, tsirkiyoyi ne ke danne shi da ƙarfin da ya kai kusan kilo 9. Dube shi da kyau za ka ga an yanke shi ta gefe biyu an bar masa ƙugu siriri. Rabinsa na sama yana lilo a kan wannan ƙugu, kuma lilon ya fi ƙarfi a wajen 3000 Hz. Duk 'ya'yan sautin da suka faɗo tsakanin 2000 da 3000 Hz jaki yana ƙara musu ƙarfi kafin ya miƙa su ga fuska. A wannan yanki ne kunnen mutum ya fi saurin ji, shi ya sa bayolin guda yake iya ratsa babban zaure ya kai kujerar ƙarshe.

Yanzu ka ɗora nauyi a kan wannan rabi na sama. Kamar reshen bishiya ne da aka rataya wa kaya, lilonsa sai ya yi sanyi. Ƙa'idar ita ce, idan nauyin da ke lilo ya ninka sau 4, yawan kaɗawa yana komawa rabi. Abin da ke lilo a saman jaki bai wuce rabin giram ba. Ka ƙara masa giram 1.5 ya zama giram 2, wato sau 4 ke nan, sai wurin da ya fi amsawa ya sauko daga 3000 zuwa kusan 1500 Hz. Duk abin da ya haura nan yana wucewa da ƙyar, kuma gwargwadon nisansa sama gwargwadon raguwarsa. Idan roba ce ko fata, tana kuma tsotse wani kaso na kaɗawar, abin da katako da ƙarfe ba su cika yi ba.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa tsirkiyoyin ba sa sauyawa daidai da juna. Tsirkiyar G tana 196 Hz, don haka uwa da 'ya'ya shida suna ƙasa da 1500, suna wucewa lafiya. A tana da uku kacal a ƙasa da nan. E, mai 659 Hz, biyu gare ta. Shi ya sa E ce ta fi rasa ƙyallinta idan an sa takunkumi, G kuwa sai ta ƙara kauri da duhu. Sautin kansa ba ya hawa ba ya sauka: A tana nan a 440. Idan ka sa takunkumi ka ji saitin tsirkiyoyi ya goce, to ka ture jaki ne daga mazauninsa.

Takunkumi mai nauyi sosai yana wuce jaki ya taɓa jikin bayolin ma. Jikin yana da wuraren da ya fi amsawa: iskar ciki a wajen 270 zuwa 280 Hz, katakon kuma tsakanin 450 da 550 Hz. Nauyi a kan jaki yana janyo amsawar katakon ƙasa. Masanin kimiyyar nan na Indiya, C. V. Raman, ya wallafa bincike a kan haka tun 1917. Amfanin wannan gare ka shi ne, idan bayolinka yana da wani sauti da ke gurnani yana karkarwa can sama a tsirkiyar G, za ka iya tarar da ya koma wani wuri ko ya ɓace idan takunkumi yana kai.

Zaɓen wanda ya dace

Iri biyu ne manya, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Akwai na wasa a gaban jama'a, mara nauyi, giram 1 zuwa kamar 5. Akwai na atisaye a ɗaki, mai nauyi, wanda aka yi don kada a dami maƙwabta.

A cikin na wasa, wanda ya fi yawa shi ne na roba da ake kira Tourte, zagayayye ko mai siffar ɗan bayolin, nauyinsa bai wuce giram 2 ba. Yana zaune a kan ragowar tsirkiya da ke bayan jaki, a jawo shi idan ana bukata. Yana da sauƙin sawa, muryarsa tana da laushi, ko da yake a wasu bayolin tana yin lis. Na katakon eboni mai haƙora uku ya fi shi nauyi da tauri, muryarsa ta fi fita a fili, da ɗan hanci-hanci mai daɗi, amma sai ka ajiye shi a aljihu ko a kan abin ɗora takarda, kuma yana iya faɗuwa ya yi ƙara a tsakiyar kiɗa. Na fata ya fi kowanne barin ɗumin sauti. Akwai na waya mai bututun roba da ake turawa a kan ragowar tsirkiya har ya hau jaki. Ya fi kowanne sauri, sai dai yana cin naɗin tsirkiya sannu a hankali. Akwai kuma na Bech mai maganaɗisu, wanda ke maƙalewa a jikin maɗaurin tsirkiyoyi, wato abin da ke riƙe da ƙarshensu a bayan jaki, idan ba ya aiki, don kada ya yi rawa.

Na atisaye kuma, na roba mai haƙora biyar yana kaiwa giram 10 zuwa 15, na ƙarfe giram 40 ko fiye. Na ƙarfe ya fi kashe ƙara nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi haɗari ga bayolin. Wanda aka yi da ƙarfe aka lulluɓe da roba shi ne tsaka-tsaki, kuma ga yawancin mutane ya wadatar.

Kafin ka sayi kowanne, duba girman bayolinka. Takunkumin cikakken bayolin ba ya zama a kan jakin ƙaramin bayolin na yara, haƙoransa za su hau kan tsirkiyoyi.

Sawa da cirewa

Fara da duba jaki. Riƙe bayolin a gefe daidai idonka: bayan jaki, wato ɓangaren da ke kallon maɗaurin tsirkiyoyi, ya kamata ya tsaya cak a miƙe kan fuska, ƙafafunsa biyu sun zauna daram ba tazara a ƙarƙashi, kuma suna daidai da 'yan tsagogin ciki na ramukan nan biyu masu siffar f. Idan ya riga ya sunkuya wajen allon yatsu, wato dogon katakon da ake danna tsirkiya a kansa, gyara shi tukuna. Ɗora bayolin a cinyarka, kama saman jaki da manyan yatsu da manuna na hannu biyu, ka jawo shi baya a hankali. Jakin da ya sunkuya aka kuma danna masa takunkumi yana iya lanƙwasa ko ya kife, kuma idan ya kife turken ciki ma yana iya faɗuwa.

Na roba mai rami biyu ana sa shi ne a ragowar tsirkiyoyin D da A da ke bayan jaki. Wannan ragowa wajen milimita 55 ce, kashi ɗaya cikin shida na tsawon da ke kaɗawa. Kowane rami yana da tsaga. Ka buɗa ta da yatsa ka tura tsirkiya ciki, ba sai ka kwance komai ba. Ka tabbata ɗan haƙorin da ke jikinsa yana sama yana kallon jaki, don idan ka juya shi ba zai kama ba. Mai rami ɗaya kuwa a tsirkiya guda yake zama, D ko A. Idan lokacin sawa ya yi, kama shi da babban yatsa da manuni, ɗaga shi kaɗan, jawo shi gaba, ka sauke haƙorin a kan jaki tsakanin D da A, sannan ka danna ƙasa kai tsaye. Kada ka tura shi gaba da ƙarfi yana goga jaki, domin wannan turi, idan aka yi ta maimaita shi, shi ke sunkuyar da jaki.

Na katako kuma, kowane haƙori a tsage yake don ya hau jaki kamar sirdi, haƙoran uku suna shiga tsakanin tsirkiyoyi huɗu. Daidaita su da ido kafin ka danna. Ya kamata ya shiga da ɗan matsi, ya tsaya ko ka karkata bayolin. Idan sai ka yi ƙoƙari yake shiga, tsagar ta yi ƙunci ga jakinka: naɗe 'yar takarda mai yashi ka shafa cikin tsagar kaɗan-kaɗan, kana gwadawa bayan kowace shafa biyu ko uku. Takunkumin ake gogewa, ba a taɓa jaki. Idan kuma ya yi sako-sako yana zizi, ɗan siririn yankin fata ko takarda a cikin tsagar yana maganinsa.

Ko wane iri ne, bayan ka sa shi ka ja kowace tsirkiya da yatsa ɗaya bayan ɗaya ka saurara. Idan wata ta mutu nan take ko ta yi zizi, takunkumin yana taɓa ta a ɓangaren da ke kaɗawa. Ɗaga shi ka matsar da shi. Jaki ake so ya kama, tsirkiya a bar ta ta yi aikinta.

Zurfin da ka danna shi yana da tasiri. Idan ya ɗan hau kawai, ba duk nauyinsa ne ke bin lilon jaki ba, sautin zai rage buɗe. Idan ya zauna sosai sai ya rufe. Haka ma gefen da ka sa shi: tunda jaki lilo yake yi hagu da dama, nauyin da ke can gefe yana da tasiri dabam da wanda ke tsakiya. Mai rami ɗaya yana ba ka damar gwada shi tsakanin G da D, ko tsakanin A da E, ka ji inda bayolinka ya fi so. Bayolin mai kaifin E da yawa sau da dama ya fi daɗi idan takunkumin ya matso wajenta.

A ƙungiyar makaɗa, mawallafi yakan bar 'yan sakanni na shiru don a sa ko a cire. Ka yi alama da fensir a takarda tun kafin wurin, yawanci zanen ɗan mataji ake yi, haƙora ƙasa idan sawa ne, haƙora sama idan cirewa. Ka kuma yi atisayen motsin kansa har ya zama ba ka bukatar kallo. Idan ka cire, tura shi can baya kusa da maɗauri. Wanda aka bari yana reto a tsakiyar ragowar tsirkiya shi ne ke kawo zizin da ake ta nema a rasa inda yake fitowa.

Gwada shi da kunne da waya

Sauke manhajar da ke nuna 'ya'yan sauti a matsayin tsaunuka a allon waya. Ajiye wayar mita ɗaya daga bayolin, ka tsaya wuri guda kada ka juya, domin bayolin ba ya watsa sauti daidai ta kowace fuska. Ja izga a kan A ba danna yatsa, da sauri ɗaya da nauyi ɗaya, a tsakiyar jaki da allon yatsu, ka ɗauki hoton allo. Sa takunkumi ka maimaita. Duba tsaunin 440 da na 880: za ka ga ba su sauya sosai ba. Duba na 2640 da 3080: sun faɗi warwas. Wani lokaci ma na 1320 zai ɗan ƙaru, saboda nan amsawar jaki ta koma, kuma wannan ne ke kawo hanci-hancin da ake ji. Yi haka a kowace tsirkiya.

Idan kana so ka ji aikin nauyi zalla, maƙala wa saman jaki ɗan mamatsin katako irin na shanya tufafi, a gefen G, a hankali. Sautin zai rufe nan take alhali ba abin da ya taɓa tsirkiya.

Sannan ka ba wani ya kaɗa kai ka koma ƙarshen ɗaki. Abin da ke kunnenka na hagu, dab da bayolin, ya sha bamban da abin da mai sauraro ke ji, kuma da takunkumi tazarar tana ƙaruwa.

Gyaran jan izga

Kuskuren da aka fi yi shi ne dannawa. Mutum ya ji sautinsa ya ragu, sai ya ƙara nauyin hannu don ya dawo da shi. 'Ya'yan sautin da suka tafi ba za su dawo ba, sai dai tsirkiya ta shaƙe. Da takunkumin wasa, rage nauyin hannu, ƙara saurin izga, yi amfani da tsawonta sosai, ka ɗan matsa wajen allon yatsu idan kana son laushi. Idan ana so muryar ta kai nesa, kamar a kashi na biyu na kiɗan bayolin da mawallafin Rasha Tchaikovsky ya rubuta a 1878, inda mai kaɗawa ke da takunkumi ga kuma ƙungiya a bayansa, to matso kusa da jaki kaɗan ka riƙe saurin, kuma ka zaɓi takunkumi mara nauyi. Con sordino ba umarnin yin ƙasa-ƙasa ba ne. Ana iya rubuta shi tare da alamar a kaɗa da ƙarfi.

Takunkumin atisaye yana da wata illa da ya kamata a faɗa a fili. Idan jaki ya yi nauyi ba ya motsi, tsirkiya ba ta rasa ƙarfinta da sauri, don haka tana kamawa cikin sauƙi ko da jan izgarka bai yi kyau ba. Ƙarar karce da kuwwar izga suna can cikin sautuka na sama, waɗanda takunkumin ya haɗiye. Sai ka yi ta kuskure ba ka ji. Haka nan amsawar da buɗaɗɗun tsirkiyoyi ke yi idan yatsa ya sauka daidai, misali D da aka danna a kan tsirkiyar A ta sa buɗaɗɗiyar D ta amsa, tana raguwa ƙwarai, alhali da ita ake gane daidaiton yatsu. Ga kuma tsayinsa da ke tare maka ganin inda izga ke taɓa tsirkiya. Saboda haka ka ware masa aikin da ya dace da shi: haddace wurin yatsu, saurin hannun hagu, ƙirgen kiɗa, karanta sabuwar takarda. Aikin murya da na izga a yi su bayolin yana buɗe, ko da minti 15 ne a rana a lokacin da ba wanda zai damu.

Kula da bayolin da takunkumin

Na ƙarfe, sa shi bayolin yana kwance a cinya, hannu ɗaya yana tallafe da jaki. Kada ka sauke bayolin daga kafaɗa da sauri yana kai, don idan ya zame a kan fuska zai faɗa, kuma katakon fuska yana da taushi, nan take yake lotsewa. Duba saman jaki lokaci-lokaci. Kaurinsa a nan bai fi milimita 1.5 ba, kuma haƙoran ƙarfe suna cinsa.

Kada ka taɓa rufe akwati da takunkumin atisaye a kan jaki. Murfin zai danna shi, shi ya danna jaki, jaki ya danna fuska a daidai kan turke, kuma tsagewar da ke fitowa a wannan wuri tana cikin mafi wuyar gyara. Na roba ƙarami da ke bayan jaki yana iya zama a wurinsa, in dai ka mayar da shi baya.

Ƙurar ƙaro tana taruwa a jikin roba ta sa ta danƙo, ta kuma bar baƙin tabo a kan jaki. Cire takunkumin ka wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ya bushe sarai kafin ka mayar. Jaki kuma busasshen ƙyalle kawai. Kada sinadarin goge-goge mai barasa ya kusanci fentin bayolin, yana narkar da shi. Roba tana tauri da tsufa, haƙorin ya daina kamawa ya fara tsalle daga jaki idan ka kaɗa da ƙarfi. Idan ya kai haka a sauya shi. Mai amfani da na waya kuma ya riƙa duba naɗin tsirkiyoyin D da A a bayan jaki, idan ya ga ya fara warwarewa ya canza tsirkiyar kafin ta tsinke.